Motsin Kyamara a Fina-finan Faɗa da Tambayar Alhakin Kallo

Malaman Musulunci sun daɗe suna tattauna hukuncin kallo, wato abin da ya halatta ido ya sauka a kansa da abin da aka umarce shi ya kauce wa, kuma an gina wannan tattaunawa ne bisa fahimtar cewa mutum shi ke riƙe da ragamar idonsa, yana juya shi inda ya ga dama. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta bayyana cewa ji da gani da zuciya duk ababen tambaya ne a ranar hisabi, ayoyi na 30 da 31 a Suratun Nur sun umarci muminai maza da mata da runtse ido, sannan hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Aliyu nasiha, ya raba tsakanin kallon farko da ke faɗowa ba da niyya ba da kallo na biyu da mutum ke ƙarawa da ganganci. Fim ya zo da wani yanayi na daban, domin wanda ya zauna a gaban allo ba shi ke zaɓar inda idonsa zai dosa ba, ko nisan da zai tsaya, ko tsawon lokacin da zai ɗauka yana duban abu guda, kyamara ce ke yanke masa duk wannan tun kafin ya zauna. Tambayar da ke tasowa daga nan ita ce, idan wani ya karɓi ragamar idon mutum, ya zagaya da shi cikin fagen duka da harbi da kisa, ya sa zuciyarsa ta yi murna da faɗuwar wani, alhakin wannan kallo da wannan murna yana wuyan wa?

Tambayar tana da nauyi na musamman a Dutsin-Ma da Kurfi da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Katsina. A ɓangare guda, fim ɗin faɗa yana cikin abin da matasa suka fi nema a gidajen kallo da shagunan tura fina-finai a waya, musamman fina-finan Indiya da kamfanoni irin su Algaita na Kano ke mayarwa cikin Hausa, kuma kasancewar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ya tara wa garin ɗimbin matasa masu wayoyin hannu. A ɗaya ɓangaren kuma, mutanen wannan yanki sun san ƙarar bindiga ta gaskiya, domin suna maƙwabtaka da ƙananan hukumomin da suka jingina da dajin Rugu, sun shaida sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, kuma Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan sadarwa a watan Satumba na 2021 saboda ta'asar 'yan bindiga. Inda kisa ya zama abin nishaɗi da dare, ya kuma zama labarin ta'aziyya da safe, ya wajaba a fahimci yadda ake sarrafa idon mai kallo har ya ga ɗayan da kyau alhali yana ƙyamar ɗayan.

Yadda kyamara ta fara motsi

A farkon tarihin silima kyamara a tsaye take wuri guda. Fina-finan da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fara nuna wa jama'a a birnin Paris a watan Disamba na 1895 an ɗauke su ne da na'urar da aka kafa bisa ƙafafu uku, abin da ke gabanta shi ke motsi, ita kuwa tana kallo kamar mai shaida. Cikin shekaru kaɗan masu shirya fim suka gane cewa na'urar ma tana iya tafiya. A fim ɗin Cabiria na ƙasar Italiya, wanda ya fito a 1914, an ɗora ta bisa amalanke mai taya ana tura ta a hankali cikin fage, a fim ɗin Der letzte Mann na Jamus kuma, wanda F. W. Murnau ya ba da umarninsa a 1924, mai ɗaukar hoto Karl Freund ya ɗaura ta a ƙirjinsa, ya kuma hau keke da ita. A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, wato wata riga mai hannun ƙarfe da ke shanye girgizar jikin mai ɗaukar hoto, ta yadda zai iya gudu ko hawa matakala hoton bai yi rawa ba, kuma fim ɗin dambe na Rocky na 1976 yana cikin na farkon da suka yi amfani da ita. A yau ƙaramin jirgi marar matuƙi ya ba kyamara damar tashi sama da rufin gidaje, abin da har masu shirya fina-finan Hausa ke yi da kuɗi kaɗan.

Motsin kyamara ya kasu gida-gida. Akwai waiwaye, inda na'urar ke juya kai dama ko hagu tana tsaye, akwai ɗaga kai da sunkuyarwa, akwai rakiya, inda take bin mutum a gefe ko a baya, akwai kutsawa da ja da baya, akwai kewaye, inda take zagaya mutum yana tsakiya, akwai kuma ɗaukar kafaɗa, wadda ke barin girgizar jikin mai ɗauka ta bayyana a hoto. Ga waɗannan ake haɗa kusurwa, wato ko daga ƙasa ake duban mutum ko daga sama, da kuma jan lokaci, wanda ake samarwa ta hanyar ɗaukar hotuna masu yawa fiye da 24 da aka saba ɗauka a daƙiƙa guda, sannan a nuna su da saurin da aka saba, sai motsin ya zama a hankali. Kowanne daga cikinsu yana ba mai kallo mazauni a cikin labarin, kuma mazaunin da aka ba mutum shi ke yanke wanda zai tausaya wa da wanda zai ji tsoro.

Yadda motsi ke gina labari da shauƙi

Duk wanda ya saba da fina-finan kudancin Indiya irin su Baahubali na 2015 ko KGF na 2018 ya san yadda ake gabatar da jarumi, wanda masu kallo ke kira akta. Ba a farawa da nuna fuskarsa. Kyamara takan fara daga takalminsa yana taka ƙasa ƙura na tashi, ta hau a hankali zuwa hannunsa da kafaɗarsa, ta kewaye shi cikin jan lokaci, ta tsaya daga ƙasa tana dubansa sama, har mai kallo ya sami kansa a matsayin wanda ya durƙusa gaban sarki. Kafin jarumin ya furta kalma ko ya aikata wani alheri, an riga an sa jikin mai kallo ya girmama shi, domin a rayuwar yau da kullum wanda ake ɗaga kai a duba shi ne babba. Wannan dabara ba ta san mai kirki da mugu ba. A fim ɗin Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni kuma ya yi farin jini ƙwarai a ƙasar Hausa, da irin wannan salo aka gabatar da Gabbar Singh, shugaban 'yan fashi, inda kyamara ta bi ƙafafunsa yana kai da kawowa bisa duwatsu a gaban yaransa, kuma sakamakon haka shi ne bos ɗin ya zauna a zukatan masu kallo daram, bai gaza jaruman fim ɗin kwarjini ba.

Ɗaukar kafaɗa aikinta ya saɓa da wannan. A fim ɗin Saving Private Ryan na 1998, Steven Spielberg da mai ɗaukar hotonsa Janusz Kamiński sun nuna saukar sojojin Amurka a gaɓar tekun Normandi ranar 6 ga Yuni, 1944, cikin fiye da minti 20, da kyamarar da ke tuntuɓe, tana nutsewa a ruwa, tana laɓewa a bayan ƙarafa, jini da yashi na fantsama a gilashinta. Mai kallo a nan ba ya ganin fagen gaba ɗaya, bai san daga inda harsashi zai fito ba, saboda haka abin da ke cika zuciyarsa shi ne firgici da ƙyamar yaƙi. Sai dai ita wannan girgiza, da ta zama yayi bayan fina-finan Bourne da Paul Greengrass ya ba da umarni a 2004 da 2007, inda ake yanka hoto kusan kowace daƙiƙa 2, ta koma hanyar tayar da bugun zuciya kawai, ta yadda mai kallo ke jin zafin faɗa ba tare da ya ga wanda ya daki wani ko abin da dukan ya haifar ba. Su kuwa masu fina-finan Hong Kong irin su Jackie Chan sun fi son ja da kyamara baya domin a ga jikin mafaɗata biyu daga kai zuwa ƙafa, a ga naushi da saukarsa cikin hoto guda, a kuma ga jarumi yana yarfe hannu don zafi, abin da ke tuna wa mai kallo cewa wanda ya yi duka ma yana jin ciwo.

Bambancin wannan da kallon dambe a fili yana ƙara fito da batun. Wanda ya je kallon dambe bayan kaka yana iya duban ɗan damben da ya yi kisa, yana iya duban wanda ya faɗi da masu ɗaga shi, yana iya juyawa ga makaɗa ko ga 'yan'uwan wanda aka kayar, kuma duk abin da ya kalla shi ya zaɓa. A fim an tsame wannan zaɓi. Idan jarumi ya kutsa cikin yaran bos yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya, kyamara tana manne da bayansa tana gaba, duk wanda ya faɗi sai ya fice daga hoto, kuma wanda ya fice daga hoto ya fice daga labari, ba a san sunansa ba, ba a ga mahaifiyarsa ba, ba a ga jana'izarsa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma ƙarfin fim ya ta'allaƙa ne a kan wannan amana da mutum ya ba idonsa, domin yana fita da yaƙinin cewa ya ga abin da ya faru, alhali abin da aka ga dama aka nuna masa kawai ya gani.

Tilas da zaɓi

Masana Musulmi na da sun yi bayanin gani ta hanyar da ke taimaka wa wannan bincike. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda haske ke shiga ta ƙaramar kafa, wanda shi ne asalin tsarin kyamara, sannan ya nuna cewa gani ba ya cika sai hankali ya yi hukunci a kan nisa da girma da kamanni bisa abin da ya saba da shi. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya iya sarrafa nisa da kusurwa ya sami hanyar shiga cikin hukuncin hankali ba tare da ya kawo hujja ba. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciya a Ihya'u Ulumid Din da tafkin da magudanan gaɓoɓi biyar ke kwarara a cikinsa, ya kuma yi bayanin yadda abin da ya ɗarsu a rai ke zama sha'awa, sha'awa ta zama ƙuduri, ƙuduri ya zama aiki. A ganinsa ba a kama mutum da abin da ya ɗarsu a ransa ba da son sa ba, amma ana kama shi da ƙudurin da ya ɗaura.

Masu ilimin tauhidi sun yi doguwar muhawara a kan jabru, wato ra'ayin cewa tilasta wa bawa ake yi a duk ayyukansa, da kuma ikhtiyari, wato cewa yana da zaɓi. Mazhabar Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wadda zaurukan karatu na ƙasar Hausa suka gada ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahin na Shaihu Sanusi, ta tsaya a tsakiya da abin da ake kira kasabu, wato Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma yana ɗaukar alhakinsa saboda nufin da ya haɗa da shi, shi ya sa aka bambanta makyarkyatar mai zazzaɓi da miƙa hannun mai ɗaukar abu. Ba za a daidaita ikon mai ba da umarnin fim da ikon Mahalicci ba, amma wannan rarrabewa tsakanin motsin dole da motsin nufi tana da amfani a nan. Razanar da mai kallo ke yi idan kyamara ta kutsa ba zato, da bugun zuciyarsa idan hoto ya yi girgiza, suna cikin nau'in makyarkyata, ba ya iya hana su. Shigarsa gidan kallo kuwa, da kuɗin da ya biya aka tura masa fim, da maimaita wurin kisa sau da yawa a waya, da ɗaukar salon bos ya mayar abin koyi, duk ayyukan nufi ne, kuma su ne suka yi daidai da kallo na biyu da hadisi ya yi magana a kai. Tilascin da ke cikin fim tilasci ne da mutum ya miƙa wuya gare shi da ƙafarsa, saboda haka bai sauke masa nauyi gaba ɗaya ba, ko da yake ya mayar da kaso mafi girma zuwa wuyan wanda ya riƙe kyamara.

Nauyin mai riƙe da kyamara

Masana falsafar Girka sun saɓa a kan tasirin wasan kwaikwayo, inda Aflatun ya ga cewa yana ciyar da ɓangaren rai da ya kamata a danne, almajirinsa Aristotal kuma ya ga cewa kallon bala'i a dandali yana tayar da tsoro da tausayi har ya wanke rai daga cunkosonsu. Tarihin silima ya nuna cewa kowannensu yana da gaskiya gwargwadon inda aka ajiye kyamara. Fim ɗin da Leni Riefenstahl ta shirya wa jam'iyyar Hitler, wanda ya fito a 1935, ya yi amfani da duba daga ƙasa da rakiya mai santsi wajen mayar da azzalumi abin ɗaukaka. A 1961 kuma, mai sharhin fina-finai na Faransa Jacques Rivette ya yi kakkausar suka ga fim ɗin Kapò na Gillo Pontecorvo saboda motsi ɗaya tak, inda wata fursuna ta faɗa kan wayar lantarki ta mutu, sai kyamara ta matsa gaba domin ta tsara gawarta da hannunta a ɗage cikin kyakkyawan hoto. Hujjarsa ita ce ƙawata mutuwar ɗan Adam don burge mai kallo cin mutunci ne, ko da labarin fim ɗin yana la'antar zalunci.

Wannan ma'auni yana da tushe mai ƙarfi a shari'a. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai guda ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya, Musulunci ya haramta yi wa gawa kaca-kaca ko a fagen yaƙi, ya wajabta suturta mamaci, kuma hadisi ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Idan kowane rai yana da wannan daraja, to kyamarar da ke mayar da mutane ashirin tamkar buhunan da jarumi ke turewa a hanyarsa tana koyar da akasin abin da ayar ta koyar, ko da a ƙarshen fim gaskiya ta yi halinta. Ita kuwa kyamarar da ta dakata a kan wanda ya faɗi, ta bar mai kallo ya ga numfashinsa da tsoronsa da waɗanda ya bari, tana iya nuna tashin hankali mai tsanani ba tare da ta mayar da shi abin marmari ba.

A nan ne ake ganin giɓin da ke cikin yadda ake tace fina-finai a arewacin Najeriya. Masana'antar Kannywood, wadda ake danganta farkonta da fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta fi karkata ga soyayya da rikicin iyali, amma yaɗuwar fina-finai masu dogon zango a YouTube ta kawo labaran daba da sara-suka, tare da kwaikwayon salon gabatar da jarumi na Indiya. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar a watan Satumba na 2021 da hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Damuwar da ta haifar da wannan mataki a fili take, sai dai hukunci irin wannan yana duban abin da aka nuna ne, ba ya duban yadda aka nuna shi. Fim biyu suna iya ɗaukar labarin garkuwa iri ɗaya, ɗaya ya kewaye ɗan bindiga cikin jan lokaci yana busa hayaƙi, ɗaya kuma ya zauna a tsakar gida tare da iyalin da ke sayar da gona da shanu don haɗa kuɗin fansa, kuma hana su tare yana toshe bakin na biyun, wanda al'ummar da abin ya shafa ta fi kowa bukatarsa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa fim laifin ta'addancin da ke addabar tsakiyar Katsina, domin tushensa yana cikin rikicin filayen noma da kiwo, da satar shanu, da kwararar makamai, da talauci, da raunin hukunci. Abin da kyamara ke iya yi ya fi wannan ɓoyuwa, wato ta saba wa ido da tsayawa a bayan mai bindiga maimakon gefen wanda aka nuna wa ita, kuma alamar wannan sabo tana bayyana a yadda ake ɗaukar bidiyon gawarwaki bayan hari ana yaɗawa a WhatsApp da Facebook, da yadda bidiyon da 'yan bindiga ke ɗaukar kansu suna baje makamai da kuɗi ke samun masu kallo a TikTok. Duk mai waya a yau ya zama mai ɗaukar hoto, saboda haka hukuncin da ya hau kan darakta ya hau kansa: inda ya matsa da wayarsa, da abin da ya tsaya a kai, da wanda ya tura wa, duk zaɓi ne da za a tambaye shi.

Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce alhakin ya rabu gida uku, kuma rabon ba daidai yake ba. Kaso mafi nauyi yana kan mai ba da umarni da mai ɗaukar hoto da mai tace hoto, domin su suka san dabarar, suka kuma yi amfani da ita da niyya a kan wanda bai san ta ba. Kaso na biyu yana kan mai kallo baligi, gwargwadon zaɓinsa kafin kallo da abin da ya ƙudurta bayansa. Kaso na uku yana kan malamai da iyaye da makarantu, tun daga Islamiyya har jami'a, waɗanda suka tsaya a kan cewa fim halal ne ko haram ba tare da sun koya wa yara yadda yake aiki ba. Matashin da ya iya gane cewa an sauke kyamara ƙasa ne domin a girmama masa mugu, ko an janye ta daga wanda ya faɗi domin kada ya tausaya, ya karɓo wani ɓangare na zaɓin da aka ƙwace masa, kuma shari'a tana ɗora hisabi ne a kan gwargwadon sani da zaɓin da mutum yake da su.